Yadda Ake Zuwa Biko da Sabuwar Salansa

Matarka ta yi yaji? To kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu nagari. Hanyar da zan ɗora ka a kai tabbatacciya ce, in ka bi ta daki-daki matarka sai ta dawo ɗakinta, wannan alkawari na yi maka. An gwada ta a kan mutum guda, kuma ta ci. Ka ga ke nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Mutumin shi ne Nababa, na wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa. Da can mai kula da sito ne a wata masaƙa a Kano, har shekarar da aka yi ta sallamar ma'aikata, shekarar nan da ake bin layin sabulu da madara, sama kuma ta riƙe ruwanta. Ya dawo gida da matarsa Larai, da akwatinsa, da motarsa Bitil, mai siffar kunkurun nan, ruwan ƙwai. Damina ta faɗi, ɗan ruwan da aka samu dai, kowa ya saɓi fartanya ya nufi gona, shi kuwa ya ɗauki tabarma ya shige ƙarƙashin mota. Da kaka ta yi, rumbunsa ko ɓera ya daina leƙawa. Larai ta ɗaure kayanta ta tafi gidan ubanta, Malam Muntaka, can bayan Ɗambatta. Nababa kuwa yana son matarsa, so na gaske, tun da ta tafi gidan ya yi masa faɗi.

Ga yadda ya yi, sai ka kwaikwaya.

Mataki na 1: Ka gano dalilin yajin, amma kada ya zama kai ne

Mace ba ta fita sai ta bar magana a bakin ƙofa. Ka saurara da kyau, sannan ka fassara ta yadda za ta yi maka daɗi.

Abin da Larai ta ce shi ne: "Malam, ni ba na cin ƙarfe. Ranar da ka san abin da ake ci a gidan nan, ka san inda nake."

Wani mai gajeren tunani sai ya ce zancen abinci take yi. Nababa ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa raini ne ya shigo, kuma rainin daga mota ya faro. Da a Kano in ya taso daga aiki tun daga kan kwana ake jin tahowarsa. Yanzu salansa ta huje, motar sai tari take kamar tsohuwar akuya. Wace mace ce za ta ga girman mai irin wannan mota?

Kawunsa Mati ya same shi ya ce, "Kai Nababa, ka sayi goro, mu je ni da liman mu ba da haƙuri. Kai kuma ka ari jakina ka fara kai taki gonarka, labari zai je mata da kansa."

Irin wannan shawarar ka ce "To, Kawu," ka bar ta a nan inda aka ba ka ita.

Mataki na 2: Ka san motarka, don ka san abin da za ka ɓata

Bitil dai injinta a baya yake, kuma ba ta shan ruwa. Iska ce ke sanyaya ta. Akwai fanka da ke hura iska a kan injin daga sama, akwai kuma wasu farantan ƙarfe da aka kewaye shi da su, su ne ke tare zafin salansa a ƙasa don kada ya hau sama fankar ta sake zuƙarsa. Waɗanda suka ƙera ta sun auna komai, kowane bututu da hanyarsa.

Amma su waɗannan mutane matarsu ba ta taɓa yaji ba, don haka ra'ayinsu bai shafe ka ba.

Mataki na 3: Ka sayi salansar da ba ta motarka ba

Kada ka kuskura ka nemi irin wadda aka cire. Wannan ta masu zaman lafiya da iyalinsu ce. Kai mai bututu huɗu kake nema, waɗanda suka murɗe kamar hanjin rago suka haɗe a baki ɗaya.

Nababa ya samu tasa a Bacirawa, wurin Mika'ilu mai walda, rataye a jikin rumfa tana ƙyalli. Mika'ilu ya ce daga jikin wata motar tsere aka ciro ta, ya kuma rantse cewa in aka ɗaura ta, mai barci a Ɗambatta sai ya farka tun motar tana Kwanar Dumawa. Nababa ya kwance agogonsa, ya haɗa da rediyonsa, ya miƙa.

Da aka zo ɗaurawa ta ƙi shiga. Mika'ilu ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya koma gefe ya ƙare mata kallo yana sosa ƙeya.

"Alhaji, wannan farantin ne ya tare hanya."

Nababa bai taɓa zuwa Makka ba, amma rabon da a ce masa ko da Malam a cikin Kano har ya manta. Ya gyara tsayuwa ya ce, "To a yi yaya?"

"A yanke shi mana. Ado ne kawai."

Aka yanke. Sai kuma bututu ɗaya ya zo ya jingina da tiyon fetur, wani ya manne da murfin da baƙin mai ke ciki. Mika'ilu ya ɗauko guduma ya ɗan lallashe su. Da aka gama aka sauke motar daga kan duwatsu, sai ga bakin salansar ya yi ƙasa sosai, tsakaninsa da ƙasa ko ɗan tsako sai ya sunkuya kafin ya wuce.

"Ba ta yi ƙasa da yawa ba kuwa?" in ji Nababa.

"Haka ake yayi. Ka dai riƙa bin kwalta."

Lura: daga Ɗambatta zuwa ƙofar Malam Muntaka babu kwalta ko taku ɗaya. Nababa ya san haka. Amma a daidai lokacin Mika'ilu ya murɗa makulli ya taka totur, motar ta yi wata irin kuwwa da ta sa mai shayin da ke gefe ya zubar da madara, sai zancen kwalta ya bi iska.

Mataki na 4: In mota ta yi maka gargaɗi, ka ɗauka yabo ne

A hanyar komawa gida za ka ji ƙauri. Sabuntar ƙarfe ce. Za ka ga fentin baya ya kumbura ya yi ƙuraje. Dama fentin ya tsufa. In ka yi tafiya mai ɗan nisa ka rage gudu, motar za ta shaƙe ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce, saboda fetur ya tafasa a cikin tiyo. Wannan ka ce hutawa take yi, kai ma ka samu inuwa ka zauna.

Duk ukun sun faru da Nababa kafin ya isa gida. Na ukun har sau biyu.

Mataki na 5: Ka zaɓi tsakar rana, ka bi hanyar jakai

Ranar tafiya ka sa babbar rigarka ta ƙarshe, wadda ta sha shuni, ka kafa hula. Kada ka fita da sanyin safiya, lokacin mutane sun watse a gonaki, wa zai gan ka?

Ƙasarsu Malam Muntaka ba a barin fili. Gonar wannan na ƙarewa ta wancan ta fara, hanyar ma da ƙyar aka bar mata wuri tsakanin shinge da shinge, dama don jaki da mangala aka yi ta. Gefe da gefe rairayi, tsakiya tudu. Nababa ya sa giya lamba ɗaya ya danna ciki, injin yana ihu, motar tana tafiyar da mai ɗingishi zai iya raka ta. Iskar da za ta sanyaya injin babu, sai wadda ta fito daga jikin bututu, fanka ta zuƙe ta mayar masa. Bakin salansa kuwa ya kafe a tudun tsakiya yana tsaga shi, ya bar layi miƙaƙƙe tun daga bakin titi.

Wasu mutane na ɗaure kara a gefen hanya. Ɗaya ya miƙe ya dafa ƙugu ya bi layin da kallo.

"Ikon Allah! Wannan ba mijin Larai ba ne? Aka ce ba ya noma. Ga shi yana huɗa da rani!"

Saboda ƙarar salansa Nababa bai ji ba, hannu kawai ya ga ana ɗagawa, shi ma ya ɗaga musu cikin fara'a. Wannan yana daga cikin amfanin salansar.

Mataki na 6: Ka yi gaisuwa, ka cika baki

Ya isa. Awaki sun tsinke igiya, kaji sun haye danga, duk unguwar ta fito. Nababa ya kashe mota ya fito, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya je ya durƙusa gaban Malam Muntaka da ke zaune a gindin dalbejiya, kansa a ƙasa kamar yadda ya kamata.

"Baba, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Nababa. Tun ɗazu muke jin ka. Na ɗauka jirgi ne ya ɓata hanya."

A nan ne ya kamata ka ce ka zo ba da haƙuri. Kada ka ce. Nababa ya hango gefen mayafi a bakin zaure, ya san mayafin, na Larai ne. Sai bakinsa ya kama aiki shi kaɗai: an yi wa motar aiki na musamman a Kano, yanzu ƙarfinta ya ninka, babu inda ba ta shiga, babu abin da ba ta iyawa.

Malam Muntaka ya gyaɗa kai a hankali. Shi dattijo ne da ba ya barin komai ya tafi a banza, ko karan da ya faɗo daga kan jaki sai ya tsince shi. Ya juya ya dubi filin ƙofar gidansa. Bana dawa ta ƙi, gero ya yi rabin kai ya tsaya, wake kaɗai ya yi, kuma ga shi nan gaba ɗaya an baje a dandaɓaryar ƙasa, a cikin ɓawonsa, ya bushe ƙayau. Shi ne abincin gidan har wata kakar. Matan gidan sun kwana biyu suna bugunsa da sanduna, ko kwata ba su ci ba.

"To alhamdu lillahi," in ji Malam Muntaka. "Allah ne ya kawo ka. A titin Ɗambatta na ga ana baza amfani manyan motoci suna bi ta kai, kafin ka ce me an cashe. Mu nan mota ba ta zuwa. Hannun matarka duk ya yi kanta. Ka ɗan bi mana ta kan waken nan."

To fa.

Nababa ya san abin da ke ƙarƙashin motarsa. Daga inda yake durƙushe yana jin ƙarfen yana ƙas-ƙas, yana ganin iska tana rawa a bayan motar. Amma ka taɓa jin inda suruki ya roƙi abu aka ce masa a'a? A ƙofar gidansa, gaban jama'a, ranar biko, bayan ka gama cewa babu abin da motarka ba ta iyawa? Ko cewa a bari ta huce ai tona wa kai asiri ne.

"Ai wannan ba komai ba ne, Baba," in ji Nababa.

Mataki na 7: Ka cashe waken

Zuwan farko lafiya lau. Tayoyi suka bi ta kai, ɓawo ya yi ta fashewa, wake yana tsalle, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Nababa ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana karɓar albashi. Ya yi kwana ya dawo, hannu ɗaya a sitiyari.

Abin da ba ya gani daga kujerarsa shi ne bakin salansar nan yana sharar ɓawo kamar manjagara, yana tarawa a ƙarƙashin inji. A zuwa na biyu motar ta fara nauyi. A na uku ta hau tulin da ta tara da kanta, ta shaƙe, ta mutu a tsakiyar waken.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa.

"Nababa," in ji Malam Muntaka, "haka take hayaƙi dama?"

Kafin ya sa ƙafa a ƙasa wuta ta tashi. Salati ya kaure. Maza suka duƙa suna kwasar ƙasa da hannu suna watsawa, amma ƙasar wurin daɓe ce, ɗan abin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Rijiyar unguwar kuwa tana can gangare, bana sai an haɗa igiya biyu ake taɓo ruwanta. Wutar ta rabu biyu: ɗaya ta kama baƙin man da ke ɗiga ta haye cikin inji, ɗaya ta kwanta a ƙasa tana bin ɓawo, ta nufi inda waken ya fi yawa.

Sai ga Larai ta fito a guje, ba mayafi, rungume da tulu. Shi ke nan ruwan da ke gidan. Ta zo ta tsaya tsakanin wuta biyun, ba ta dubi ubanta ba, ba ta dubi kowa ba sai mijinta.

"Malam, ina?"

Kada ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Wannan motar ita kaɗai ta rage masa daga shekarun da yake mutum a Kano, lokacin da masinja ke gaishe shi, lokacin da yake zuwa ƙauye da buhun shinkafa a kujerar baya. Duk ranar da ya shiga ƙarƙashinta da tabarma, guje wa idon mutane yake yi, don ya kasa fita gona a gan shi da fartanya a ce ga ta inda birni ya ƙare. Tulu ɗaya zai iya ceton injin in aka zuba yanzu. Ya dubi motar, wallahi har cikin ransa ya ji zafin.

"Waken," ya ce. "Waken, Larai! Zuba a waken!"

Ta sheƙa ruwan a gaban wutar ƙasa, ta yanke mata hanya. Nababa ya tuɓe babbar riga ya shiga bugun abin da ya saura, da rigar ta cinye ya koma ture ɓawo da hannu, yana jan wake baya, mutane suka rufa masa. Motar kuma aka bar ta da masu watsa ƙasa. Allah ya taimaka tankinta a gaba yake, wutar ba ta kai can ba, amma kafin a ci ƙarfinta injin ya zama gawayi, gilashin baya ya tarwatse.

Mataki na 8: Ka karɓi matarka

Da ƙura ta lafa, Malam Muntaka ya zagaya filin da sandarsa yana tona toka. Abin da ya ƙone zai kai buhu, sauran ya tsira, kuma rabinsa a cashe. Nababa yana durƙushe da 'yar shara, fuska baƙi ƙirin, yana jiran hukunci.

"Baba, ku yafe ni. Na san da zafi na hau."

"Na ga alama," in ji tsohon. "Ni ma da na roƙa ban tambaya ba." Ya ƙara tona tokar. "Zancen Larai kuwa, ba ni na kira ta ba, ba ni zan riƙe ta ba. Ga ta nan, ku daidaita."

A zaure ta same shi, ta zo da man shanu a ƙoƙo. Ta kama hannunsa tana shafawa a inda ya sale. Ta ƙofar zauren ana hango motar, gabanta ruwan ƙwai kamar ba abin da ya faru, bayanta kuwa ba kyan gani. Nababa ya yi ta ƙoƙarin kau da kai ya kasa. Sai hawaye, shaɓe-shaɓe, babban mutum.

Larai ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma ce ya yi shiru ba. Ta gama da hannun dama ta kama na hagu.

"Ka yi kukanka ka gama, Malam," ta ce. "Hanyar da nisa, kuma da ƙafa za mu."

Da sassafe suka kama hanya, ita da ƙullin kayanta a ka, shi da 'yar jakar wake a kafaɗa, wadda surukarsa ta ɗora masa ba tare da ta dube shi ba. Kafin su kai titi Larai ta gama tsara masa gonar da za a fara kai wa taki.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Wake, gyaɗa, harawa, danga, babbar riga, gira ko gemu, duk wanda ya ƙone na mai shi ne. Kada a kawo mini ƙarar mai walda, ya riga ya ce a bi kwalta. Wanda surukinsa ba shi da haƙurin Malam Muntaka ya nemi dattawa tun da wuri, wanda tankin motarsa ke baya kuma ya nemi wata dabarar.

In kuma ka bi komai yadda na faɗa, matarka ta fito da tulu ta tsaya a gabanka ta ce "Ina?", kai kuma ka tsaya dogon tunani, to wannan tsakaninka da ita ne. Kada ka neme ni.